“Za ta ci gaba a ɗakinta”

Cima ta zo gidana a farkon watan Oktoba na 2019, a bayan moto, wato babur, tsakanin mahaifinta da rabin buhun hatsi. Shekararta 13. Kayanta duka a ƙullin zane ɗaya suke: atamfa biyu, hijabi, silifa, sai takardar da ke nuna ta gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, an tura ta kwaleji. Ba Cima ne sunanta na yanka ba, amma da shi zan kira ta a nan, don tana gidan mijinta, kuma danginmu na karatu a waya.

Ɗiyar wan maigidana ce. Ƙauyensu yana arewa da Tibiri, cikin ƙasar Gidan Rumji, kuma firamare kaɗai gare su. CEG, wato kwaleji, mafi kusa tafiyar awa biyu ce a ƙasa, cikin rairayi. Namiji sai a sama masa tsohon keke, ko ya bi ƴan uwansa su taka. Ɗiya mace kuwa ba wanda zai sake ta kan wannan hanya da asuba, don haka duk wadda ta ci, sai an nema mata gidan riƙo a birni. Wadda ba ta da kowa a birni, karatunta ya ƙare ke nan tun ba a yi zancen miji ba. Cima tana da mu. Da Yaya, mahaifinta, ya sauke buhun a zaure, ya sha ruwa, sai ya dube ni ya ce, “Madam, ga amana nan. In ta yi kyau taki ce, in ta ɓaci taki ce.”

Ni malamar firamare ce, shekara 14 ke nan ina riƙe da alli a nan Maraɗi, yawanci a CE2, aji huɗu na firamare. Na sha ganin gurbin yarinya a benci ya zama wayam, in tambayi ƙawayenta, su sunkuyar da kai su ce “an yi mata arme”, in ja layi a kan sunanta, in ci gaba da darasi. Kullum ɗiyan wasu ne. Ta Cima ce ta faru a tsakar gidana, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa na daɗe ban iya rubuta ta ba.

Shekarar farko, a siziyem, ajin farko na kwaleji, yarinyar nan ta ba ni mamaki. Faransancinta irin na ƴan ƙauye ne, tana jin kunyar buɗe baki, amma lissafi kamar da shi aka haife ta. Bayan sallar isha'i sai ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin ƙwan lantarkin zaure, ta kwanta rub da ciki, ta sa bik a baki tana taunar murfinsa. In an ɗauke wuta ta ari tocilana. Bilten ɗinta na farko, wato takardar sakamako, ya zo da muwayen (matsakaicin maki) 13 da ɗoriya bisa 20, ta 6 a cikin yara 87. Na aika wa Yaya saƙon murya a WhatsApp ta wayar wani maƙwabcinsa, aka ce ya sa an sake kunna masa har sau uku a bakin masallaci.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, sai farkon Yuni aka buɗe. Wata biyun nan da ƴan kwanaki a ƙauye ta yi su. Ta tafi da tsabtar birni da iya ɗaurin kallabi, ta ƙara tsawo, kuma a nan ne wani yaro ɗan garinsu da ke kabu-kabu a Maraɗi ya fara tsayawa ƙofar gidansu. Ban ji labarin ba sai bayan shekara guda.

Yanzu ga nawa laifin. A Fabrairun 2021 na haihu, na huɗu. Da hutun haihuwa ya ƙare na koma aji, gida kuma ya koma kan Cima ba tare da kowa ya zauna ya yanke haka ba. A unguwarmu famfo ba ya kawo ruwa da ƙarfi sai cikin dare, to ita ke tashi ƙarfe huɗu ta tara jarkoki. Ita ke dama kunu, ta wanke tsumman jariri, ta share tsakar gida, sannan ta ɗauki jaka ta ruga. In ta dawo da rana ga wanke-wanke, da yamma ga miƙa niƙa. Tabarmar zaure tana nan, amma sau nawa na fito na tarar ta yi barci a kan kaye, wato littafin rubutu, bik a hannu. Nakan tashe ta in ce ta shiga ɗaki. Ban taɓa cewa gobe kar ta tashi ɗibar ruwa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: ɗiyata ta cikina, wadda Cima ta girma da shekara ɗaya, ina biya mata jika biyar duk wata wajen wani mushe, wato malami, da ke yi musu ƙarin darasi da yamma. A lokacin da take can, Cima na goye da ƙaninta. Ban zage ta ba, ban dake ta ba, abin da muka ci shi ta ci, ankon salla tare na ɗinka musu. Da wannan na riƙa auna riƙona, ina ganin na fita haƙƙi. Lokacinta na cinye, kuma ɗan makaranta ba shi da wata dukiya sai lokaci.

Ƙarshen sankiyem, aji na biyu, ta tsallake da ƙyar: 10,05 bisa 20, ta 41. Yaya bai yi boko ba, amma ba ya bukatar boko kafin ya san bambancin ta shida da ta arba'in da ɗaya.

Daminar 2021 ba ta yi kyau ba, kowa ya sani. Ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya tsaya bai cika ido ba, gidaje da yawa a wajensu ba su ɗaure abin da zai kai su rani ba. A watan Nuwamba, Cima na katiriyem, aji na uku, Yaya ya zo da goro. Aka zauna a zaure, shi da maigidana a kan tabarma, ni daga bakin ƙofa. Ya ce yaron nan ya turo magabatansa, an san asalinsa, yana salla, yana da moto nasa na kansa, kuma yarinya ba ta ƙi ba.

Na ce, “Yaya, shekara ɗaya da rabi ya rage ta yi BEPC, jarrabawar gama kwaleji. A yi mata haƙuri.”

Ya zaro bilten ɗin daga aljihun rigarsa, a ninke huɗu, ya ajiye a gabana. Ya ce, “Madam, wagga takarda ke kinka aiko mini ita. Da tana gaba-gaba ne sai in toshe kunne. Ga shi baya take yi. Shekara goma sha biyar gare ta, tsararrakinta duk suna ɗaki. Ɗiyar wane da anka kai birni lakwal, ke kin san da abin da ta komo. In haka ta samu tawa, mi za ni ce ma mutane? Kuma waɗanda sunka gama ɗin, ina aikin? Ɗan ƙanena na da bak, takardar gama sakandare, ga shi can yana saida kati bakin tasha.”

Ba ni da amsar ko ɗaya a lokacin. Maganar yarinyar da ta koma da ciki gaskiya ce, na san gidan. Maganar aiki gaskiya ce. Bilten ɗin kuma ni na san wanda ya jawo shi ƙasa. Na dubi maigidana, ya dubi tabarma. Ƙane ba ya ja da wansa a kan ɗiyar da wan ya haifa. Ina so mai karatu ya gane cewa Yaya ba mugu ba ne, ba kuma sayar da ɗiyarsa ya yi ba. Sadakin da aka ba da bai kai kuɗin gado da katifa da kwanonin da faccalata ta shekara biyar tana tarawa da kuɗin ƙuli-ƙuli ba. Tsoro ne ya kawo shi, tsoron abin kunya, da rumbu da ba kome, da ganin cewa hanyar da aka ce ya bi ba ta nuna masa inda za ta ɓulle ba.

Sai ya faɗi kalmar da ta kashe bakin kowa: “Ai yaron ya yi alkawari. Nan Maraɗi za su zamna. Za ta ci gaba a ɗakinta.”

Na karɓi wannan magana hannu biyu, don ta sauke mini nauyi. Na san alƙaluman, an sha nuna mana su a tarurrukan ƙara wa juna sani. Babban binciken da aka yi a ƙasar nan a 2012 ya nuna cewa a cikin mata 100 masu shekara 20 zuwa 24, 76 an yi musu aure kafin su cika 18, 28 kuma tun kafin 15, kuma babu ƙasar da ta kai Nijar a duniya. Jiharmu ta Maraɗi ita ce kan gaba, 89 cikin 100. Na san kundin dokar farar hula ya sa wa namiji shekara 18, mace 15, kuma ko wannan ɗin ba ya shiga zauren da liman da waliyyai suka taru da goro. Amma na kuma san dokar da gwamnati ta sa wa hannu ranar 5 ga Disamba 2017 don kare ɗiya mace da ke karatu, da ƙarin bayanin da ya biyo baya a 2019, cewa aure ko ciki ba ya korar yarinya daga aji. Da wannan na lallashi kaina. Na ce tunda doka ta buɗe ƙofa, miji kuma ya yarda, to ba a rasa kome ba.

Na shiga ɗaki na tambaye ta, “Cima, kina son shi?” Tana ninke kayan jariri, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Tanti, yana da kirki.” Na ce, “Lakwal fa?” Ta ce, “Ya ce shi zai riƙa kai ni da moto.” Daga baya na yi ta juya wannan amsa. Yarinyar da ke tashi ƙarfe huɗu tana yi wa gidan wani bauta, aka ce mata ga ɗaki nata, ga gado nata, ga mai kai ta makaranta a moto. Me zai sa ta ƙi?

An ɗaura aure a hutun ƙarshen Disamba. Aka kai ta gidan su mijin a bayan gari, gida mai sassa huɗu, da uwar miji da matan yayyensa biyu.

Kuma ta koma aji. Wannan nake so a ji da kyau, don masu cewa alkawarin ƙarya ce tun farko ba su yi wa yaron adalci ba. Ranar da aka koma a Janairu shi ya kawo ta har bakin ƙofar makaranta, lallen biki bai gama fita daga hannunta ba. Har cikin Maris tana zuwa. Ina bibiya ta wajen wata ƙawata da ke koyar da su Faransanci, ita ta riƙa ba ni labari.

Makon farko ƴan aji suka sa mata “amarya”. In mushe ya tambaye ta ta tashi, sai a ji guɗa ƙasa-ƙasa daga bencin baya. Ƙawayenta biyu suka ja jiki, don iyayensu sun ce kar su riƙa zama da matar aure, za ta buɗe musu ido. A gida kuma aka sa ta cikin layin girki kamar kowace mata: kwana biyu nata, tuwon mutum kusan ashirin. Ranar girkinta ba ta zuwa da safe, in akwai darasin yamma ma ba ta samu. Safiya ita ce kasuwar mai kabu-kabu, lokacin da ma'aikata da ƴan kasuwa ke fita. Kai ta da ɗauko ta na cinye masa fasinja, sai ya koma ba ta kuɗin moto, ran da babu kuma ta taka. Abokansa na tashar moto suka fara yi masa shaguɓe, wai ya ajiye mata tana zama benci ɗaya da ƙattai. Faccalolinta suka ce su ba bayi ba ne da za su yi aiki wata ta saɓa jaka. Uwar mijin ba ta taɓa cewa kar ta je ba. Abin da takan ce kawai, in ta ga ta sa hijabi, “Yau ma?”

Babu ranar da wani ya tashi ya ce an fitar da Cima daga makaranta. Zuwa biyar a mako ya koma uku, uku ya koma ɗaya. A watan Maris laulayi ya kama ta, ta yi amai a aji sau biyu, ta biyun a gaban kowa. Aka tafi hutu, azumi ya kama a farkon Afrilu, ga aikin buɗa-baki da na sahur. Ba ta sake komawa ba.

Na je wajen shugaban makarantarsu. Mutumin kirki ne, ya buɗe rajista ya nuna mini sunanta, ya ce bai soke ba, ba zai soke ba, ko bayan ta haihu ta kawo takardar likita gurbinta na nan. Na fito da wannan albishir na kai mata. Na tarar da ita gaban murhu tana tuƙa tuwo, hayaƙi na sa ta hawaye, ta saurare ni har na gama, ta ce, “To Tanti, wa zai karɓar mini girki?” Na tsaya riƙe da jakata ban ce kome ba.

Ta haihu a Nuwamban 2022, tana da shekara 16. Kwana biyu tana naƙuda a gida kafin a kira ni, don an ce haihuwar fari sai da haƙuri. Da muka kai ta asibiti aka ce ƙugunta bai isa ba, sai aiki. Ina zaune a barandar nan har asuba, ba abin da ke zuwa mini sai Danja, cibiyar da ke kudu da gari kan hanyar Katsina inda ake ɗinke matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari. Na taɓa raka wata maƙwabciya can, na ga ƴan mata da ba su wuce sa'ar Cima ba zaune a inuwa, kowace da ƴar robarta. Allah ya kiyaye, aka ciro yaron da rai, ita ma ta tashi.

Tun daga nan na ji “za ta ci gaba a ɗakinta” a bakin mutane ya fi a ƙirga, a gidan suna, a wajen kai lefe, har a ɗakin malamai. Ina iya nuna mata biyu ko uku da suka yi aure suka gama, har ɗaya ta shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Amma in ka duba, sun riga sun kai lise, babbar sakandare, kafin auren, mazansu ma'aikata ne, su kaɗai ne a gidansu, kuma akwai wata yarinya da ke yi musu aiki, wadda ita ma wataƙila ɗiyar wani ce da aka kawo riƙo. Yarinyar katiriyem da aka kai gidan gandu ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Wanda ya yi alkawarin mutum ɗaya ne, masu iko da yininta kuwa sun kai goma, kuma ba a tambayi ko ɗayansu ba ranar da aka raba goro. Ni yanzu in na ji kalmar, tambaya nake yi a fili, ko za a ce na cika baki: wa zai yi girki, wa zai riƙe jariri, nawa ne kuɗin moto a wata, uwar miji ta ji ta yarda?

Ban yarda a jingina wa addini wannan abu ba. Hadisin da ya ce neman ilimi farilla ne a kan kowane musulmi, a makarantar allo muka haddace shi, maza da mata a tsangaya ɗaya. Mu da kakanninmu suka kafa garin nan suna yaƙi da Sakkwato, ko mu ba ma musun cewa Nana Asma'u ɗiyar Shehu malama ce da ta koyar da matan karkara har cikin gidajensu. Abin da na ji a zaurena ran nan ba aya ba ce, tsoro ne da talauci da nisan makaranta. Shi ya sa lokacin da Bazoum, shugaban ƙasa na wancan lokaci, ya fara gina wa ƴan matan kwaleji gidajen kwana, aka buɗe na Kelle a jihar Damagaram a 2021, na ce wannan ya taɓa inda ke ciwo. Da akwai irinsa kusa da su Yaya, inda yarinya za ta kwana cikin tsaro, ta ci, ta yi karatu ba tare da jarkar kowa ba, da bai bukaci gidana ba, da kuma hujjarsa biyu sun faɗi.

Makon jiya na je wajenta. Shekararta 19, yara biyu, na biyun na baya. Na tarar da mata uku a ƙofar ɗakinta, kowace da katin rigakafin ɗanta, tana duba musu ranar komawa. Ita ke riƙe da kayen adashin gidan, da layi da jan bik kamar yadda aka koya mata, kuma mijin ma ita ke yi masa lissafin abin da ya samu da abin da ya zuba na mai. A ƙasan akwatinta, ƙarƙashin zannuwan biki, kayen lissafinta na katiriyem na nan. Ta ciro ta nuna mini, rubutun ya tsaya a tsakiyar shafi, da kwanan watan Maris a sama.

Na roƙe ta gafara a kan ruwan asuba da ƙarin darasin da ban biya mata ba. Ta rufe baki da gefen hijabi ta ce, “Haba Tanti, ai ke uwa ce.” Na ce uwa ce ta sa nake roƙo. Mun yi shiru, sai ta tambaye ni ko gaskiya ne akwai makarantu masu zaman kansu da ke karatun yamma, wanda babba zai iya shiga har ya zauna BEPC. Na ce akwai, kuma kuɗin a wuyana. Da mijin ya shigo cin abinci na faɗa masa a gabanta. Ya wanke hannu, ya yi ɗan tunani, ya ce, “Tanti, bari a yaye wannan tukuna, mu gani.”

Ƙanwarta na CM2 bana, kuma an ce ita ma kanta na ja. Na aika wa Yaya cewa in ta ci a kawo mini ita, na ɗauki mai aiki da kuɗina, ɗaki ɗaya za su kwana da ɗiyata, mushe ɗaya zai yi musu darasi. An kunna masa saƙon, maƙwabcin ya tabbatar mini. Yau kwana goma sha ɗaya, bai maido amsa ba.